Ranar Da Aka Karya Hannun Yaya

Yayata gem take haɗawa. Idan na faɗi haka a wurin aikina, wato ɗakin masu karaya na asibiti inda nake aikin jinya, sai a ɗauka zama take yi tana danne-danne a waya ana biyanta. Ba haka ba ne. Ita ce take zama gaban kwamfuta ta ƙirƙiro mutanen da ke cikin wasan, ta sa su tafiya, ta sa su kai naushi, ta sa su faɗi. Shekararta goma sha bakwai a wannan aiki, kuma duk wasannin da aka san ta da su na faɗa ne. Shekara huɗu ta ba ni. Mu biyu ne kaɗai a wurin iyayenmu, kuma har yau Auta take ce mini ko a gaban 'ya'yana.

Babanmu makanikin manyan motoci ne. Ciki da falo muke zaune a bayan garejinsa, inda komai na gidan har matasan kai warin baƙin mai suke yi. A waje mutumin kirki ne, ga fara'a, ga iya aiki. A cikin gida kuwa akwai wani tsohon fambel rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuma ba don mota aka ajiye shi ba. Baba ba ya hargagi. Idan ya shigo ya kwance agogon hannunsa ya ɗora a kan talabijin, to mun san yau jikin wani zai gaya masa. Wani lokaci Umma, wani lokaci mu, wani lokaci duk wadda ta fi kusa da hannunsa.

Ni nakan rufe ido in toshe kunne. Yaya ba ta taɓa rufe ido ba. Takan tsaya jikin bango tana kallo, ko ita ake duka ba ta kuka, abin da ke ƙara tunzura shi ke nan. Bayan ƙura ta lafa sai ta jawo littafina na makaranta, ta dinga zana wasu 'yan mutane masu kama da tsinke a kusurwar kowane shafi. Idan ka kama gefen littafin ka saki shafukan da sauri, sai ka ga suna motsi, ɗaya ya kai duka, ɗaya ya durƙushe. Babu littafina ko ɗaya da ya tsira. Malamin lissafi ya taɓa yi mini bulala saboda haka, bayan ya gama kallon wasan har sau biyu.

Tana da shekara goma sha shida abin ya zo ƙarshe. Da rana tsaka ne, Umma tana guga, sai hankalinta ya tafi kan tukunya, dutsen ya ƙone wa Baba farar rigarsa a kafaɗa. Ya shigo cin abinci ya gani. Ya kwance agogo. Ranar bai ma waiwayi fambel ba. Hannun Umma ya kama ya murɗe, ya haɗa shi da bakin ƙofa ya danna da gwiwa. Muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Umma ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin mutum ya yi ba.

Ban ga lokacin da Yaya ta ɗauki dutsen gugar ba. Na dai ga ya sauka a kafaɗar Baba, kusa da wuya, da zafinsa da komai. Gwiwoyinsa ne suka fara sarewa, sannan ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, sannan ya kife a gefe. Ta tsaya a kansa ta sake ɗaga dutsen da hannu biyu.

Umma, da hannunta yana lilo, ta ce, "Ke! Ubanki ne fa!"

Yaya ta yi kamar ba ta ji ba. Sai da Umma ta maimaita sannan ta ajiye shi a hankali a kan tebur, ta zare wayarsa daga bango. Rannan a asibiti ɗaya aka ɗaure hannun Umma da ƙashin kafaɗar Baba. Da yamma Kawu, wan Umma, ya zo da motar haya ya kwashe mu da kayanmu, kuma ba mu sake kwana a bayan garejin nan ba. Bayan shekara tara jak ya zame, gaban wata tirela ya danne Baba, kafin a ɗaga ta rai ya yi halinsa. Yaya ta je gaisuwa, ta zauna kamar awa ɗaya, ta koma wurin aiki.

Kawu yana da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo, da kwamfuta uku. Nan ya sa Yaya ta dinga buga wa mutane wasiƙun neman aiki bayan ta taso makaranta. A kwamfutar da ke lungu ta gano wata manhaja da ake sa zane motsi da ita, sai 'yan tsinkayenta suka bar littattafaina suka koma can. Babu wanda ya koya mata. Kawu yakan leƙo ya ce, "Ke dai ba kya zana fure ko tsuntsu kamar sauran 'yan mata? Kullum sai wani ya sha kashi?" Ita kuma ta ce, "Kawu, tsuntsu ai ba ya faɗuwa." Daga baya ta yi kwalejin fasaha ta shekara biyu. Da ta gama sai ta haɗa wani ɗan guntun bidiyo na sakan arba'in, mutum biyu suna dambe a saman bas tana gudu, ta aika wa wani ƙaramin kamfani da ke haɗa gem na waya. Bayan kwana biyu Manajan kamfanin ya kira ta da kansa.

Ofishin yana hawa na uku a saman wani kantin magani. Dogon ɗaki ne guda ɗaya mai ƙofar gilashi, da tebur takwas, da randar ruwan sanyi, da wata tsohuwar katifa a kusurwa wadda suke faɗawa a kai idan suna son ganin yadda jiki ke kaiwa ƙasa. A ƙarshen ɗakin akwai ɗan ofishin Manaja, kusa da shi kuma wani ƙuntataccen sito da aka liƙe bangonsa da soso. Wannan na mai haɗa sauti ne, wani siriri da kowa ke kira Dogo. A nan yake yini yana naushin kabeji da karya rake a gaban makirufo, domin da su ake yin ƙarar duka da ta karyewar ƙashi.

Ranar farko Manaja ya nuna mata wasan da suke yi, yana taƙama. Ta kalli yadda mutumin ciki yake faɗuwa idan an nushe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai buhun siminti ne aka turo daga mota."

Manaja ya ce, "To ke yaya mutum yake faɗuwa?"

Ta ce, "Ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Gwiwa ce take fara ba da kai. Sannan hannu ya fita neman ƙasa, ko da mai shi ya suma. Kuma kafin duka ya iso, kafaɗa takan ɗaga ta kare wuya. Ku naku yana tsaye ƙiƙam yana jira kamar mai ɗaukar hoton fasfo."

Dogo ya ce, "Malama, dambe kika taɓa yi ne?"

Ta ce, "A'a. Kallo na yi."

Ta zauna ta gyara faɗuwar a cikin kwana uku. Da aka kunna, wani daga cikinsu sai da ya dafe nasa haƙarƙarin. Saboda yawan maganar ƙashi da take yi, wane ƙashi ne ke ɗaukar nauyi, wane ne ke fara karyewa, sai suka laƙaba mata Malama Ƙashi. Matsalar ita ce kibod ɗinsu ba shi da harafin nan mai ƙugiya. Da wasan ya fito, a jerin sunayen waɗanda suka yi aiki sai ga shi ɓaro-ɓaro an rubuta Malama Kashi. Ta ɗauki abin huda takarda ta jefi wanda ya rubuta, ya sunkuya, abin ya fasa agogon bango. Daga ranar aka yanke wutsiyar sunan, ya zama Malama kawai.

Ba zan ɓoye ba, Yaya tana da zuciya, kuma ta san daga inda ta samo ta. Kibod biyu ta karya a shekararta ta farko. Da wani malamin makaranta mai sanyin hali ya zo neman aurenta, a gabana ta ce masa, "Ni ba na tsoron ka dake ni. Tsorona kada wata rana ni in dake ka." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Sun yi aure, suna da 'ya ɗaya, kuma duk ranar da ta ji abin yana taso mata takan ɗauki mayafi ta fita, ta yi ta tafiya a ƙasa har sai ƙafafunta sun gaji. Mijin yakan ce ya san girman laifinsa daga yawan ƙurar da ta kwaso a takalmi.

A shekararta ta bakwai a kamfanin suka fitar da wasan da ya yi suna, Tashar Ƙarshe. Mayaƙa goma sha biyu ne a ciki, kowa da makaminsa, kuma mutum zai iya karawa da wani ta intanet. Ɗaya daga cikin mayaƙan ana ce masa Mai Sarƙa, yana wulwula sarƙar babur mai kwaɗo a baki. A haɗa shi an yi kuskure. Idan ka danna maɓalli biyu a wani lokaci na musamman, sarƙar takan dawo kafin abokin karawarka ya miƙe, ta sake kayar da shi, a yi ta haka har ya mutu bai taɓa ka ba.

Wani mutum da ke amfani da sunan Gagarau shi ya gano wannan. Shekara biyu babu mai iya ja da shi. Dubban mutane suna kallonsa a intanet yana lallasa jama'a yana musu dariya, har ya bar aikinsa na gyaran wutar lantarki ya tare a gem. Su kuma sauran 'yan wasa suka fara gudu, suna cewa ba adalci. Manaja ya ce a gyara, kuma Yaya ce ta gyara. Ta taɓa bayyana mini cewa a kowane sakan ɗaya na wasan hotuna sittin ne suke wucewa. Hoto shida kawai ta ƙara tsakanin dukan farko da na biyu, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa wanda aka kayar ya mirgina ya tsira. Ta yi ɗan bidiyo da fuskarta tana bayanin gyaran.

Mako guda bayan nan aka yi babbar gasa a wani zauren silima. Gagarau ya shigo ana yi masa kirari. A zagayen farko wata ma'aikaciyar banki mai tabarau ta yi masa kaca-kaca, jama'a suka kwashe da dariya, kyamara ta ɗauko shi yana danna maɓallan nan biyu kamar mai ƙwanƙwasa gidan da babu kowa. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye ko'ina. Sai saƙonni suka fara shigowa, na zagi tukuna, sannan na barazana, sannan hoton ƙofar kantin maganin da ke ƙasan ofishinsu. Yaya ta nuna wa Manaja. Ya ce, "Cika baki ne kawai. Masu gem ai jarumtarsu a yatsa take ƙarewa."

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ina hutu, na biya ofishin domin mu je tare mu karɓo wa Umma tabarau. Yaya ta ce in ba ta minti goma, na zauna kusa da randar ruwa. Mutum biyar ne a ɗakin ban da ni. Sai wani mutum ya turo ƙofar gilashi ya yi sallama. Gajere ne kakkaura, zai yi shekara talatin da biyar, da riga mai guga da jaka a baya. Na ɗauka mai gyaran kwamfuta ne, har na matsa masa kujera.

Ya ce, "Don Allah ina Malama?"

Yaya ta ɗago ta ce, "Ga ni."

Ya sauke jakar ya zuge, ya zaro sarƙar babur ta gaske, da ƙaton kwaɗo a bakinta. Ya naɗe ƙarshenta a hannunsa ba tare da gaggawa ba. Dukan farko a kan kwamfutar da ke kusa da shi ya sauka, gilashi ya tarwatse har cikin cinyata. Mutum biyu suka shige ƙarƙashin tebur. Manaja ya leƙo daga ofishinsa, ya koma, muka ji ya murza makulli.

Dogo ne ya miƙe ya ɗaga hannuwa ya ce, "Ɗan'uwa, tsaya mu yi magana." Bai rufe baki ba sarƙar ta same shi a gefen fuska. Ta yage masa kunne, kwaɗon ya zagayo ya daki bakinsa. Ya zube a kan katifar nan ta kusurwa, jini yana fita ta tsakanin yatsunsa, haƙoransa biyu a ƙasa.

Yaya tana ƙoƙarin tashi, hannunta na dama yana dafe da tebur, alƙalamin zane yana tsakanin yatsunta. Hannun ya nufa, ba kanta ba. Ya ce, "Da wannan kika yi, ko?" Ya sauke kwaɗon a kai. Ya ɗaga ya sake saukewa. Na yi shekaru ina jin ƙarar ƙashi a wurin aiki, amma wannan har yanzu nakan ji ta idan wani ya rufe durowa da ƙarfi. Alƙalamin ya rabe biyu. Yatsunta suka juya ta inda yatsu ba sa juyawa.

Ba ta yi ihu ba. Da ya ɗaga sarƙar a karo na uku, maimakon ta ja da baya sai ta yi kukan kura ta shige cikin jikinsa, inda sarƙa ba ta da amfani. Ta ɗaga kai ta doki haɓarsa da tsakiyar kanta. Na ji haƙoransa sun haɗu. Ta rungume shi da hannun hagu ta tura, suka yi baya tare suka fasa ƙofar gilashin, suka faɗa kan dandamalin bene. Shi ne a ƙasa. Ta hau ƙirjinsa ta danne hannunsa da gwiwa, ta lalubo kwaɗon da hannun hagu, ta fara kai masa a fuska.

Tun a duka na biyu ya daina motsi. Ba ta tsaya ba. Ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke, ba hargagi, ba zagi, numfashi kawai take yi ta hanci. Na taka gilashi na ruga na riƙe ta ta baya. Ta kawo gwiwar hannu ta fasa mini leɓe, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na sake cakumar wuyanta na sa baki a kunnenta na ce, "Yaya! Ni ce! Auta ce! Za ki kashe shi!"

Ta tsaya da hannu a sama. Ta juyo ta kalle ni, kuma na rantse fuskar Baba na gani, da yadda yake tsuke baki da yadda idonsa ke zama fayau kamar ba abin da ke faruwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka mutane ke faɗa suna yabo, amma ni ranar tsoro abin ya ba ni. Ta kalli leɓena, ta kalli kwaɗon, ta sake shi ya gangara ƙasan bene yana ƙara a kan kowace matakala.

Daga nan aikina ya karɓe ni. Na juya mutumin a gefe don kada jini ya shaƙe shi, na zare masa karyayyen haƙori daga baki. Na yaga mayafina na ɗaure kan Dogo. Na sa mai kantin magani ya kawo bandeji da kwali na tallafe hannun Yaya. Sai a lokacin Manaja ya buɗe ƙofa ya fito, waya a kunne, yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa.

A ɗakin da nake aiki aka kwantar da ita. Ƙashi huɗu ne suka farfashe a bayan hannun. Likita ya yi awa biyar yana haɗa su da ƙarafa, ya fito ya ce mini yatsu uku ba za su sake lanƙwasuwa ba. Gagarau yana ɗaki na biyu daga namu, muƙamuƙinsa ya karye gida biyu, an ɗaure bakin da waya, ƙafarsa da ankwa a jikin gado. Ni nake wucewa ta ƙofarsa sau goma a yini, kuma sau ɗaya da aka rasa mai canza masa ruwa ni na canza.

A kwana na huɗu mahaifiyarsa ta shigo wurinmu, wata 'yar tsohuwa da silifas daban-daban a ƙafa. Ta durƙusa a gaban gado ta kama ƙafar Yaya tana kuka, tana cewa shi kaɗai gare ta, a yafe, a janye ƙara.

Yaya ta ce, "Mama, tashi don Allah. Ba ke kika yi mini ba."

Tsohuwar ta ce, "'Yata, sharrin shaiɗan ne."

Yaya ta ce, "Shaiɗan bai sayi kwaɗo ba, Mama. Abin da ya yi mini tsakanina da shi ne. Amma akwai wanda ya rasa kunne don kawai ya ce a tsaya a yi magana. Ba zan janye ba." Ta sa ni na raka tsohuwar har bakin titi na tare mata mota.

Kotu ta ɗaure shi shekara huɗu. An kunna hoton kyamarar ofis a gaban alƙali, kuma da aka zo ƙarshe ya cire tabarau ya dubi Yaya ya ce, "Duka biyun farko kare kai ne. Sauran bakwai fa?" Lauya ya miƙe zai yi magana, ta riga shi. Ta ce, "Ba kare kai ba ne, ranka ya daɗe." Alƙalin ya ja mata kunne ya sallame ta.

Kafin a gama shari'ar hoton kyamarar ya riga ya fita duniya, kuma ba a san wanda ya fitar ba. Manaja ya zo gida da kwandon lemo da ayaba, yana ta washe baki. Ya ce mutum miliyan biyu sun kalla, wasan ya dawo da rai, kuma yana da shawara. A saka ta a cikin wasan a matsayin mayaƙiya ta goma sha uku, da ɗaurarren hannu da kwaɗo. Na ga tsokar wuyanta ta motsa. Ta miƙe ta ɗauki mayafi, ta ce wa mijinta, "Malam, idan na dawo kada in same shi." Ranar sai bayan la'asar ta shigo. Ba ta sake taka ofishin ba. Dogo ma ya ajiye aiki, da kunne ɗaya da ba ya ji.

Wata takwas ta yi tana koyon zane da hannun hagu. Layukan farko kamar na ɗan aji ɗaya, kuma kofunan gidan sun ji a jikinsu. Ta rantse ta bar wasan faɗa har abada. Ita da Dogo suka kama ɗan ɗaki suka haɗa wani wasa na shuka lambu, ana ban ruwa ana korar tsuntsaye. Ya fito ya mutu murus. Umma ce kaɗai na sani tana buga shi har yau, ta kai mataki na ɗari biyu. Bayan shekara ɗaya Yaya ta ce wa Dogo ya je kasuwa ya sayo kabeji. Yanzu mutum bakwai ke aiki a ƙarƙashinta, sun fitar da wasan faɗa biyu, kuma ƙofar ofishinsu ta ƙarfe ce mai ƙararrawa.

Bara da rana muka fito daga kasuwa da ledoji niƙi-niƙi, muka tare tasi muka shiga baya. Mun yi nisa kafin na lura da fuskar direban a madubi. Haɓarsa ta karkace gefe ɗaya, da tabo daga leɓe har kunne. Gagarau ne. Na kalli Yaya, na ga ta riga ni gani. Shi ma idonsa yana kan hannunta da ke kan jaka, yatsu uku a miƙe. Na kama marfin ƙofa ina lissafin ko za a iya dira mota tana tafiya.

A wurin fitilar kan hanya ya tsaya. Ya yi gyaran murya, maganarsa tana fita a cije saboda bakin ba ya buɗewa sosai. Ya ce, "Malama, abin da na yi babu kyau. Na sani. Na yi shekara huɗu ina sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma hoto shida ya yi yawa. Kin kashe Mai Sarƙa gaba ɗaya. Ko yaro ya daina ɗaukarsa."

Yaya ta ce, "Da ban ƙara ba, da kowa ya daina wasan."

"Ban ce kada ki ƙara ba. Na ce ya yi yawa."

"Da ka rubuto haka."

Ya ce, "Da na rubuto."

Fitila ta ba da hannu. Ya ja mota, ya ɗan yi gaba, sai Yaya ta ce ya sauke mu a nan, alhali da sauran tafiya mai nisa. Ya tsaya, ya fito ya sauke mana ledoji a gefen titi ba tare da ya haɗa ido da kowa ba, ya shiga ya tafi.

Yaya ta zauna a bakin dakalin wani shagon gyaran waya. Na sayo ruwa na ba ta, ta sha rabi ta zuba sauran a fuska. Mun fi minti ashirin a wurin, masu wucewa suna kallonmu.

Can ta ce, "Auta, huɗu ma da ya isa."

Na ce, "Me?"

Ta ce, "Hoton. Huɗu ya kamata in ƙara. Tun a makon farko na gane, na ce zan gyara bayan gasa." Ta goge fuska da bakin mayafi, ta miƙo mini hannun hagu na ɗaga ta. Muka kwashi ledojinmu muka tsallaka titi, muka jira bas.